Tarihin Dorugu, Bahaushen da ya taka titunan Landan da Hamburg a shekarar 1855

A duk lokacin da ake batun Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa a ƙarni na 19, sunan da ya fi saurin zuwa bakin jama'a shi ne na Heinrich Barth, Bajamushen nan da mutanen Borno da Sakkwato suka sani da Abdulkarim. To amma ba kasafai ake tunawa da cewa wannan tafiya tana da ɓangare na biyu ba. Akwai wani yaro Bahaushe da ya bi Barth har gida, ya ga tsofaffin biranen Turai da idonsa, ya taka titunansu, ya ci abincinsu, sa'an nan ya zauna ya ba da labarin abin da ya gani da harshen Hausa. Sunansa Dorugu, kuma labarin nasa na daga cikin dogayen rubuce-rubucen zube na farko da aka taɓa bugawa da Hausa.

An haifi Dorugu a wajajen shekarar 1840 a Dambanas, wani ƙauye da ke kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Mahaifinsa Kwage Adamu manomi ne kuma makaɗi, saboda haka yaron ya tashi ne tsakanin gona da ganga. A wancan zamani Damagaram tana bin Borno, kuma talakan ƙauye ba shi da tabbacin kwana a ɗakinsa, domin hari na iya faɗowa daga maƙiya, yana kuma iya faɗowa daga fadar da ya kamata ta ba shi kariya. James Richardson, Baturen Ingila da ya sauka a birnin Damagaram a farkon shekarar 1851, ya rubuta yadda ya ga ana fita hari a kan ƙauyukan da ke ƙarƙashin sarkin kansa, a dawo da mata da ƙananan yara a sayar a biya bashi. Irin wannan ƙaddara ce ta faɗa wa gidan su Dorugu. An fara kama mahaifiyarsa, daga bisani shi ma aka kama shi yana da shekaru goma sha kaɗan, aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Borno a zamanin Shehu Umar ɗan Muhammadu el-Kanemi.

Ya kamata a faɗi wannan magana yadda take. Waɗanda suka raba yaron da iyayensa mutanen ƙasarsa ne, masu jin harshen da yake ji, kuma kasuwar da aka sayar da shi tana tsakiyar babban birnin musulmi ne.

A Kukawa ne hanyarsa ta haɗu da ta Turawa. Gwamnatin Birtaniya ta turo wani ayari na mutum uku da ya taso daga Tarabulus a watan Maris na shekarar 1850, da nufin ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan ƙasar Sudan da kuma sanin yanayin ƙasar. Shugaban ayarin shi ne Richardson, wanda ake kira Yakubu, sai Jamusawa biyu 'yan asalin birnin Hamburg, wato Barth da kuma Adolf Overweg, wanda mutane suka laƙaba wa suna Tabib saboda maganin da yake bayarwa. Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya kai Kukawa. Shi kuwa Overweg, shi ne ya harhaɗa kwalekwalen da suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma tun daga bakin Bahar Rum, ya shiga tafkin Chadi da shi. Ubangidan Dorugu ya ba da shi haya ga Overweg domin ya riƙa kula da raƙuma. Dorugu ya ba da labarin irin tsoron da ya kama shi ranar da ya fara ganin farin mutum, domin a lokacin jita-jitar da ke yawo tsakanin bayi ita ce Turawa cin mutane suke yi. Daga baya Overweg ya biya fansarsa ya 'yanta shi, tare da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Ba a jima ba zazzaɓi ya kashe Overweg a Maduwari, a gaɓar tafkin Chadi, cikin watan Satumba na 1852, yana da shekaru 30 da haihuwa. Barth ya rage shi kaɗai, sai ya ɗauki yaran biyu aiki.

A ranar 25 ga watan Nuwamba na 1852 suka bar Kukawa suka nufi yamma. Barth yana kan doki, yana duba agogo da na'urar gane alƙibla yana rubuta sunan kowane ƙauye da kowace rijiya. Barori kuwa su ne masu ɗaura kaya, da jan raƙuma, da neman ruwa da itace, da dafa abinci a zango. Da haka Dorugu ya koma Damagaram a matsayin ɗa, ya wuce Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya ratsa dajin Gundumi da fatake ke jin tsoro saboda harin Gobirawa da rashin ruwa, har suka riski Sarkin Musulmi Aliyu Babba a kusa da Wurno cikin watan Afrilu na 1853. Daga Sakkwato suka je Gwandu, inda Barth ya samu aron littafin Tarikh al-Sudan ya kwafi abin da ya iya kwafa game da daular Songhai. Suka haye kogin Kwara a Say cikin watan Yuni, suka shiga Tumbuktu ranar 7 ga watan Satumba.

Zaman Tumbuktu bai yi daɗi ba. Barth ya shiga garin ne da shigar Balarabe, da asirinsa ya tonu kuwa sai masu mulkin Hamdallahi a ƙasar Masina suka nemi a kore shi ko a kashe shi. Shehu Ahmad al-Bakkay na zuriyar Kunta ne ya tsaya kai da fata cewa baƙonsa ne, kuma shari'a ta ba shi amana. Sun shafe watanni fiye da bakwai tsakanin garin da sansanin Shehun a bayan gari, kullum cikin shirin ko-ta-kwana. Yaron da bai wuce shekaru 14 ba ya ga wannan duka. Ya ga masallatan Jingarebar da Sankore, ya ga gishirin Taudeni da ake kawowa falle-falle a kan raƙuma, ya ci shinkafa da gurasar alkama a maimakon tuwon gero da furar da ya saba da su. Sai cikin shekarar 1854 suka samu fita, suka biyo gaɓar kogi ta Gao, suka komo Sakkwato, suka iso Kano a watan Oktoba, a ƙarshen zamanin Sarki Usman. A Turai kuwa an riga an ba da labarin mutuwar Barth, har an turo wani matashi mai suna Eduard Vogel ya bi sawunsa. Su biyun sun yi kiciɓis a cikin daji a kan hanyar Kukawa a farkon watan Disamba.

Hanyar da suka bi zuwa arewa a shekarar 1855 ita ce ta Bilma da Murzuk, wato babbar hanyar da ake kora bayi daga Borno zuwa kasuwannin Fezzan da Tarabulus. Matafiyan da suka bi ta, tun daga Denham da Clapperton a shekarun 1820, sun ba da labarin ƙasusuwan mutane da ke warwatse a bakin rijiyoyinta, akasarinsu na yara da mata da ƙishirwa ta kashe ana saura ƙiris su kai ga ruwa. Da Overweg bai fanshe shi ba, abu ne mai yiwuwa ta wannan hanya za a kora Dorugu da igiya a wuya. Sai ga shi ya bi ta yana mai cin albashi. Sun isa Tarabulus a ƙarshen watan Agusta, suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Malta, daga can zuwa Marseille, suka hau jirgin ƙasa suka ratsa Faransa ta birnin Faris, wanda a lokacin yake cike da baƙi saboda gagarumin bikin baje kolin duniya na wannan shekara. Ranar 6 ga watan Satumba na 1855 suka sauka a Landan.

Domin a fahimci abin da yaron ya tarar, sai a kwatanta. Barth ya ƙiyasta mazauna birnin Kano da mutum 30,000, waɗanda kan kai 60,000 a lokacin da fatake suka cika gari, kuma Kano ita ce kasuwa mafi girma da Dorugu ya taɓa gani. Ƙidayar da aka yi a Landan a shekarar 1851 ta nuna mutane fiye da miliyan 2 da dubu 300. Babu birnin da ya kai shi yawan jama'a a duniya a lokacin. Wanda ya fito da ƙafa daga tsohuwar ganuwar da ake kira Hasumiyar Landan, wadda Sarki William ya fara ginawa bayan ya ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, ya bi gaɓar kogin Thames ya yi yamma, zai wuce gadar Landan, ya hangi ƙubbar majami'ar Saint Paul da aka sake ginawa bayan gobarar 1666, kafin ya kai Westminster, inda a lokacin magina ke kan aikin sabon ginin majalisar dokoki, domin tsohon ya ƙone a 1834. Hasumiyar agogon nan da ake gani a hotuna ba a gama ta ba sai a 1859. Tituna shimfiɗe suke da duwatsu, kekunan doki na kai da kawowa, da dare kuma fitilun iskar gas na ci a bakin hanya.

Sai dai kuma birnin yana da nasa abin kunya. Hayaƙin kwal ya baƙanta gine-gine, kogin Thames kuwa shi ne makwararar ƙazantar gari baki ɗaya. Shekara guda kafin zuwan su Dorugu cutar kwalara ta hallaka ɗaruruwan mutane cikin 'yan kwanaki a unguwar Soho, har wani likita mai suna John Snow ya gano cewa daga famfon ruwa guda ɗaya annobar take fitowa. A bazarar 1858 warin kogin ya kai ga hana 'yan majalisa sakat a zaurensu, abin da ya tilasta musu amincewa da kuɗin gina manyan magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa. Talakan Landan a titi yake cin abincinsa, kamar dai ɗan dako a kasuwar Kurmi. Ɗan jaridar nan Henry Mayhew, wanda ya bi masu talla ɗaya bayan ɗaya ya rubuta yadda suke rayuwa, ya lissafa gasasshen dankalin Turawa, da soyayyen kifi, da romon wake, da wani kifi mai siffar maciji da ake dafawa a sayar da zafinsa, ga kuma masu teburin gahawa da ke fitowa tun da asuba.

Ba su daɗe a Landan ba Barth ya wuce da su garinsu Hamburg, a farkon watan Oktoba, inda mahaifinsa da 'yan uwansa suka karɓe su. Hamburg tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Elbe, ɗaya daga cikin biranen ƙawancen 'yan kasuwa na Hansa, kuma a wancan lokaci gari ne mai cin gashin kansa, domin ba a haɗe Jamus ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1871. Garin da Dorugu ya gani rabi tsoho ne rabi sabo. Gobarar da ta tashi a watan Mayu na 1842 ta yi kwana uku tana ci, ta lashe wani babban yanki na tsohon gari, ta raba mutane wajen 20,000 da muhallinsu. Saboda haka a gefen tafkin Alster sababbin gine-gine ne da faffaɗan tituna, majami'ar Nikolai tana kan ginuwa, amma da mutum ya gangara wajen tashar jiragen ruwa sai ya faɗa cikin lunguna masu ƙunci da dogayen rumbunan 'yan kasuwa da ke tsaye a bakin magudanan ruwa, hasumiyar majami'ar Michaelis tana leƙo su. Akwai wata al'ada guda da ba za ta zama baƙuwa ga wanda ya san Kano ko Katsina ba: da magariba ake rufe ƙofofin gari, wanda ya makara kuwa sai ya biya kuɗi kafin ya shiga. Ba a daina wannan ba sai a ƙarshen shekarar 1860. Abincin mutanen wurin shi ne baƙin burodi mai tsami, da dankali, da kifin da aka jiƙa da gishiri, da naman alade da giya, abubuwa biyu na ƙarshe kuwa jarrabawa ce ga duk wanda ya fito daga ƙasar musulmi. Abin da ya fi ɗaukar hankalin Dorugu game da Jamusawa shi ne yawan shan tabarsu, har ya lura cewa akan ga yaro ƙarami da lofe a baki. Daga Hamburg sun je Berlin da Gotha, garin da kamfanin da zai buga littafin Barth da Jamusanci yake, kafin su koma Ingila cikin hunturu.

Wurin da basirar yaron ta fi fitowa fili shi ne bayanin da ya yi na liyafar cin abincin dare a gidan masu hali na Ingila. Ya bi abin daki-daki: yadda baƙi ke taruwa a wani ɗaki tukuna, yadda kowane namiji ke kama hannun wata mace ya raka ta teburi, yadda ake ajiye wa kowa farantinsa da wuƙa da cokali mai yatsu da ƙyallen goge baki, yadda ake kawo abinci iri-iri ɗaya bayan ɗaya ana ɗauke faranti ana kawo wani, da yadda mata ke tashi a ƙarshe su bar maza a zaune. Ga mutumin da ya tashi inda maza ke cin tuwo a ƙwarya ɗaya a zaure, mata kuma a cikin gida, kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa abin lura ne. Bai yi musu ba'a ba, bai kuma nuna cewa sun fi shi ba. Ya bayyana su ne kamar yadda Barth ya bayyana bikin Kanuri ko kasuwar Kano, wato al'adar wasu mutane ce da mai tafiya ya gani, yake so na gida su sani. A ganina wannan shi ne babban abin da ya sa labarin ya cancanci a karanta shi har yau. Littattafan Turawa a kan Afirka na wancan ƙarni sun cika ɗakunan karatu, amma waɗanda ɗan Afirka ya juya ido ya dubi Turai, ya kuma faɗi abin da ya gani da harshen uwarsa, ana iya ƙirga su da yatsun hannu.

Barth ya yi alkawarin mayar da yaran gida, kuma a farkon shekarar 1856 an riga an shirya musu jirgi. A nan ne wani mutum ya shigo cikin labarin, wato James Frederick Schön, Bajamushe mai aikin mishan a ƙarƙashin majami'ar Ingila. Schön ya bi ayarin da Birtaniya ta tura kogin Kwara a shekarar 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fara koyon Hausa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, har ya buga wani ɗan littafin kalmomi a 1843. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, inda ya zama limamin asibitin sojojin ruwa a garin Chatham. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, don haka da ya ji ga Bahaushe a Landan sai ya ga dama ce da ba za ta maimaitu ba. Ya shawo kan yaran suka fasa tafiya suka koma gidansa. Barth ya fusata ƙwarai, yana ganin an sa ya saɓa alkawari, an kuma zubar masa da mutunci a idon sarakunan da suka amince masa, kuma rashin jituwar da ta shiga tsakanin mutanen biyu ba ta warke ba.

An yi wa yaran biyu baftisma. Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega, Dorugu kuma James Henry Dorugu. Mai karatu musulmi ba zai ji daɗin wannan ba, amma yana da kyau ya tuna cewa ana maganar yaro ne ɗan shekara 16 ko 17, wanda aka raba da iyayensa tun yana ƙarami, yake zaune a gidan limamin kirista, ci da sha da suturarsa duk a hannun mai gidan. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya komo ga musulunci, har ya zama sarkin Lakwaja a ƙarshen ƙarnin. Jikansa Maimaina shi ne ya zama sarkin Askira a ƙasar Borno.

Dorugu ya zauna a Ingila har shekarar 1864, wato shekaru takwas a gidan Schön. Chatham gari ne na ma'aikatar ƙera jiragen yaƙi a bakin kogin Medway, manne da tsohon birnin Rochester, inda akwai majami'ar da aka kafa tun shekara ta 604 da kuma wata doguwar hasumiyar dutse ta ƙarni na 12 da ke kallon gada. Tafiyar ƙafa ce ta ɗan lokaci tsakanin garuruwan biyu. Marubucin nan Charles Dickens, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Chatham, ya sayi gida a kusa da wurin a shekarar da Dorugu ya isa. A wannan yanki ne Bahaushen Dambanas ya girma ya zama magidanci, ya koyi Turanci da karatu da rubutu. Yana nan Ingila aka buɗe layin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya a Landan, cikin watan Janairu na 1863.

Aikin da suka yi da Schön ba ƙarami ba ne. Dorugu yana magana, Schön yana rubutawa da haruffan Rumawa. Ya faɗi tarihin rayuwarsa, ya ba da tatsuniyoyi da labarai da karin magana, ya kuma taimaka wajen fassara wasu sassa na Littafi Mai Tsarki na kirista, wanda shi ne ainihin abin da Schön ya sa a gaba. Daga wannan zama ne aka samu littafin koyon karatu na 1857, da littafin nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, sa'an nan littafin Magana Hausa na 1885, wanda a cikinsa ne labarin rayuwa da tafiye-tafiyen Dorugu ya fito. Ba wai a nan aka fara rubuta Hausa ba. Malaman jihadi, irin su Nana Asma'u 'yar Shehu, sun riga sun yi rubutu da ajami, sai dai akasarin abin da suka bari waƙoƙi ne na wa'azi da koyar da addini. Labarin mutum na yau da kullum, da yunwarsa da tsoronsa da abin da ya ci a hanya, cikin zube, wannan sabon abu ne.

Rubutun yana da nakasu. Kunnen Schön bai rarrabe tsakanin baƙaƙen da a yau muke sa wa lanƙwasa da takwarorinsu yadda ya kamata ba, saboda haka mai karatu na yanzu sai ya yi haƙuri kafin ya saba da shi. Barth ma ya soki aikin, yana ganin bai dace a gina nahawun harshe a kan bakin yaro guda da ya bar gida da wuri ba. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, ko da yake fushin da ke tsakaninsu ya taimaka wajen zafafa ta. Abin da Barth ya ɗauka aibi shi ne masana harshe suka ɗauka taska daga baya, domin littafin ya adana Hausar talakan Damagaram ta tsakiyar ƙarni na 19 yadda ake furta ta. Faransawa sun ba Schön lambar yabo ta Volney a 1877 saboda ayyukansa a kan Hausa, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Wanda kalmomin suka fito daga bakinsa bai samu ko ɗaya daga cikin irin wannan ba, duk da cewa Schön bai ɓoye sunansa ba.

Shekara guda bayan komowar Dorugu Afirka, Barth ya rasu a Berlin, ranar 25 ga watan Nuwamba na 1865, yana da shekaru 44. Shehu al-Bakkay da ya ba su mafaka a Tumbuktu shi ma a wannan shekara ya rasu. Dorugu ya ci gaba da rayuwa da abin da ya iya, wato tafinta tsakanin Turawa matafiya da jami'ai da mutanen ƙasa. Yana raye Faransawa suka kama Damagaram a 1899, yana raye Ingilishi suka ci Kano a 1903. Mutanen da ya sani a matsayin baƙi masu neman izinin sarki kafin su wuce, ya gan su sun dawo suna naɗa sarakuna suna tuɓewa.

A ƙarshen rayuwarsa yana Kano. Hanns Vischer, ɗan asalin ƙasar Suwizalan da Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a shekarar 1909, ya kuma ɗauki tsohon cikin malamanta, yana koya wa yara karatu da rubutu da haruffan da ya fara gani a Chatham fiye da shekaru 50 da suka wuce. A 1911 layin dogo da ya taso daga Baro ya biyo ta Zariya da Likoro da Gimi ya iso Kano, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallon jirgin ƙasa. A cikin garin akwai dattijo guda da ya hau irinsa tun a 1855. Dorugu ya rasu a shekarar 1912, shekarar da Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. Isabelle, matar Vischer, ta rubuta cewa bayan rasuwarsa an tarar da tarin kayan da ya adana shekara da shekaru, ciki har da tabarau masu yawa, da tufafin Turai da bai taɓa sawa ba, da kuɗi na zinariya da azurfa.

A shekarar 1971 wasu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara labarin Dorugu zuwa Turanci, suka haɗa shi da na Maimaina jikan Abbega a littafi guda, jami'ar Yale ta Amurka ta buga. Ta wannan fassara ce akasarin masu bincike suka san shi. Gidan da Vischer ya zauna a Nasarawa yana nan har yanzu, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa, kuma yana cikin wuraren tarihi da baƙi ke ziyarta a Kano.